Babi na Biyar: Ranar da Mai Aiki Ya Ce "Na Fasa"

Ƙofofi huɗu da tagogi shida na tarar jingine da katangar shagon wani mai walda, a bakin titin da ya ratsa garin Ikara. An shafa musu jan fenti na farko, na biyun bai samu ba, har ƙura ta kwanta a kansu. Mai waldar maƙwabcinmu ne tun muna yara, na girme shi da 'yan shekaru. Na tambaye shi ko mai kayan ya yi tafiya ne.

"Yana nan, Yaya. Cewa ya yi ya fasa."

"Ginin ya fasa?"

"Ya ce tumatir bai yi kuɗi ba bana, gini sai baɗi in Allah ya kai mu. Jiya ma ya aiko yaronsa, wai in mayar masa da kafin alƙalamin da ya ba ni."

Na ce, to me ka ce masa? Ya sunkuyar da kai yana goge hannu da tsumma. "Me zan ce, Yaya? Abokin Baba ne. Na ce a ba ni mako biyu in haɗa."

Da ƙafarsa ya je ya auna kafar kowace ƙofa da kowace taga a kangon Alhajin da ya ba shi aikin. A kan wannan awon ya yanka ƙarfe, ƙarfen da ya sayo daga Zariya, wani da kuɗi wani bashi. Ya biya yara biyu, ya ƙona mai a janareta, ya kuma mayar da wani aikin da aka kawo masa a tsakani domin hannunsa a cike yake. Ƙofar da aka yanka wa gidan wani kuwa ba ta cika shiga gidan wani ba. Duk da haka shi ne yake neman wa'adi, shi ne yake jin nauyi, kamar shi ya yi laifi. Abin ya tsaya mini a rai, kuma shi ya sa na keɓe masa babi guda.

A ƙasar Ikara da Maƙarfi da Kudan, kamar sauran ƙasar Zazzau, yawancin aiki a kan jinga yake tafiya. Ana nuna maka aikin, ka duba, ka yanka kuɗinsa gaba ɗaya, a yi ciniki, a ce Allah ya ba da sa'a. Da jinga ake sare gonar rake a Maƙarfi a ɗaure a loda a mota. Da jinga direba ke kwasar kwandunan tumatir da tattasai daga wajen Hunƙuyi zuwa kasuwar Mile 12 a Legas. Haka mai tarakta, da mai haƙa rijiyar noman rani a fadama, da magini, da kafinta, da telan da aka kawo wa ankon biki. Yanzu ga samari masu ɗaukar hoton biki da masu tsara fasta a kwamfuta sun shigo sahu. Da yawansu har yau suna bin 'yan takarar da suka faɗi zaɓen fid da gwani kuɗin fastar da aka buga ba a zo an karɓa ba. Binciken Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa na 2023 ya nuna cewa fiye da kashi 90 cikin 100 na masu aiki a Nijeriya ba a ƙarƙashin wata ma'aikata mai albashi da takarda suke ba. Mu nan ba sai an ba mu alƙaluma ba, mutum ya leƙa layinsu ya ƙirga masu albashi.

Dokar Ƙwadago ta 1974 ba ta san waɗannan mutanen ba. Ta yi tanadi ne ga wanda aka ɗauka aiki: a ba shi takardar sharuɗɗa cikin wata uku, in za a sallame shi a ba shi sanarwa, daga kwana ɗaya har zuwa wata guda gwargwadon daɗewarsa. A 2008 Kotun Ƙoli, a shari'ar kamfanin masu gadi na Shena da kamfanin Afropak, ta zayyana yadda ake bambance ma'aikaci da mai cin gashin kansa: wa ke da kayan aiki, wa ke yanka lokacin zuwa da na tashi, albashi ake biya ko ladan aiki, kuma ko mutum na iya sa wani ya yi a madadinsa. Maƙwabcina da injinsa yake aiki, a shagonsa, da yaransa. Don haka ba shi da kuɗin sallama, kuma Kotun Ma'aikata ba wurin zuwansa ba ne. A nan mutane da yawa suke tsayawa su ce ashe ba su da komai. Suna da shi. Haƙƙinsu yana cikin yarjejeniyar kanta, kuma dokar kwangila da shari'ar Musulunci duka sun tsaya masa.

A dokar da muka gada daga Ingila, ciniki irin wannan ya ƙullu da zarar an yi tayi, an karɓa, an yanka farashi. Baki ma ya isa. Takarda shaida ce kawai. Wanda ya janye bayan haka ba tare da laifin ɗayan ba, ya karya yarjejeniya, kuma akwai biya a kansa. Tsohuwar shari'ar da ake kafa hujja da ita a kan wannan ta wani marubuci ce. A Landan, wasu masu buga littattafai, Colburn da Bentley, sun yi jinga da James Planché ya rubuta musu littafi a kan tufafi da sulken mutanen da, a kan fam 100. Ya yi bincike, ya rubuta wani sashe, sai suka dakatar da jerin littattafan gaba ɗaya suka ce ba sa bukata. Ya kai ƙara, a 1831 kotu ta ba shi fam 50, ladan wahalar da ya riga ya sha, duk da cewa ko shafi ɗaya ba su karɓa ba. Kotunan Nijeriya suna aiki da wannan ƙa'ida har yau: wanda aka hana ya ƙarasa aiki, yana da ladan abin da ya yi. Yana kuma iya neman abin da ya fi haka, wato a mayar da shi matsayin da zai kasance da an cika alkawari, har da ribar da aka hana shi.

Gara mu yi lissafin a fili, don a nan ne ake ruɗewa. Mu ƙaddara jingar naira 900,000 ce, ribar mai walda a ciki naira 150,000. An ba shi kafin alƙalami 300,000. Kafin a ce an fasa ya sayi ƙarfe na 450,000, ya kashe 70,000 a mai da fenti da sallamar yara, jimla 520,000. Akwai ƙarfen da bai yanka ba, mai shago zai karɓe shi a 100,000. Wanda aka yanka kuma in an yi dabara a samu 120,000 a kansa. Asararsa ta zama 300,000. A ɗora ribar da aka hana shi, 450,000 ke nan. A cire kafin alƙalamin da ke hannunsa, saura 150,000. Ka ga wanda ya aiko a mayar masa da 300,000, shi ake bi 150,000.

Lissafin nan yana da wani ɓangare da masu sana'a ba sa son ji, amma dole a faɗa. Doka ba ta yarda ka naɗe hannu asara ta yi ta hauhawa ba. Tun da aka ce maka an fasa, ka tsayar da yanka, ka mayar da abin da zai mayu, ka nemi mai sayen abin da zai sayu. Direban da ya taso daga Zariya da mota ba kaya, ya iso dillali ya ce masa lodi ya rushe, yana da kuɗin mansa da na yininsa. Amma in ya samu lodin rake a ranar, abin da ya samu zai rage abin da yake bi. Kuma ba kowace asara ake ɗora wa wanda ya fasa ba, sai wadda mai hankali zai hango tun ranar ciniki. In kuwa an ba ka kafin alƙalami, aka dawo washegari aka ce an fasa, ba ka sayi ko ƙusa ba, ba ka mayar da aikin kowa ba, to riƙe kuɗin mutane gaba ɗaya zalunci ne, ko da kai ne ƙarami shi ne babba.

Ga wanda zai ce wannan dokar Nasara ce, sai ya koma ga littattafan da ake karantawa a zaurukan Zazzau tun kafin zuwan Turawa. Ayar farko ta Suratul Ma'ida umarni ce da cika ƙulle-ƙullen alkawari. A mazhabar Malikiyya ciniki yana tabbata ne da furuci. Da mai kaya ya ce na sallama, mai saye ya ce na karɓa, magana ta ƙare, ko ba su tashi daga wurin ba. Ijara, wato ɗaukar mutum ya yi aiki a kan lada sananne, ita ma lazimtacciya ce a kan ɓangarorin biyu, ɗaya ba ya warware ta shi kaɗai don ra'ayinsa ya sauya. Malamai sun yarda a wasu lokuta tana warwarewa idan abin da za a yi wa aikin ya gushe. Misalin da ke cikin Muhtasar na Shehu Halilu yana da daɗin ganewa: an yi jinga da mai cire haƙori, kafin ya sa hannu ciwon ya lafa, a nan babu sauran aiki, babu laifin kowa. Kangon Alhaji kuwa yana nan tsaye, kafofin ƙofarsa a buɗe. Aljihunsa ne ya sauya.

Akwai kuma ji'ala, wadda masu haƙa rijiya suka fi kowa saninta ko da ba su san sunanta ba: in ka cim ma ruwa a biya ka, in ba ka cim ma ba ba ka da komai. Risalar Ibn Abi Zaidin ta kawo ta. Mai haƙa yana iya ajiye aiki ya tafi, ya yi asarar wahalarsa. Mai gonar ne ba shi da ikon korarsa bayan ya fara. In kuma na farko ya bari, mai gona ya kawo wani ya ɗora a kan ramin da aka riga aka haƙa, to na farkon yana da rabonsa gwargwadon amfanin da aka ci da aikinsa. Wannan hukunci ya daɗe a rubuce, amma nawa ne cikin masu haƙa a fadamun Kudan aka taɓa gaya musu? Aikin da mai sana'a ke kawo kayan daga aljihunsa, irin na maƙwabcina, shi malamai ke kira istisna'i, kuma magabata sun yi saɓani a kan lokacin da yake zama dole. Majalisar Fiƙihu ta ƙungiyar ƙasashen Musulmi, a zamanta na Jidda a 1992, ta yanke cewa yana lazimtar ɓangarorin biyu in sharuɗɗansa sun cika, kuma ya halatta a sa sharaɗin tara a ciki.

Batun kafin alƙalami yana bukatar a yi masa a hankali, domin a nan fahimtar kasuwa da ta malamai suka rabu. A kasuwa ana cewa wanda ya fasa ya yi asarar abin da ya ajiye. Imamu Malik bai yarda da cinikin da aka gina a kan haka ba, wato a ce in ka fasa kuɗin ya zama nawa kyauta; Hambaliyya sun halatta, kuma majalisar da na ambata ta bi ra'ayinsu a zamanta na Burunai a 1993. Ni abin da na ga ya fi tsafta, ya kuma fi kusa da abin da alƙalinmu zai karɓa, shi ne mai sana'a ya daina cewa "kuɗin ya zama nawa", ya ce "ga abin da na kashe, ga aikin da na yi". Kafin alƙalami wani yanki ne na kuɗin aiki. A ɗora shi a kan sikeli da asarar da aka yi. In ya yi rara a mayar, in ya gaza a cika.

To uzurin Alhaji fa? Ba ƙarya ya yi ba. Duk wanda ya san noman tumatir ya san shekarar da kwando ba ya biyan kuɗin motarsa, ya kuma san irin 2016, lokacin da wata tsutsa ta cinye gonaki har gwamnatin Jihar Kaduna ta ayyana dokar ta-ɓaci a kan tumatir. Irin wannan mutum abin tausayi ne, a yi masa rangwame, a ba shi lokaci. Sai dai karyewar kasuwa ba ta sauke alkawari, a kotun majistare ko gaban alƙali. Kuma wuƙar kaifi biyu gare ta. Bayan cire tallafin mai a ƙarshen Mayun 2023, da tashin buhun siminti daga wajen naira 5,000 zuwa sama da 10,000 a farkon 2024, magina da masu walda da yawa ne suka gudu suka bar ayyukan da suka ci kuɗinsu. Wanda ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski. Mai sana'ar da yake son a riƙe masa alkawari ranar da kasuwa ta juya wa mai aiki baya, shi ma ya riƙe ranar da ta juya masa. Hanyar fita mai kyau ga duka biyun ita ce a zauna a warware da yardar juna, abin da malamai ke kira iƙala, kuma addini ya kwaɗaitar da ita. Amma yarda ce ake nema, ba aike da yaro ba.

Inda haƙƙi ya fi mutuwa a wurinmu shi ne wajen shaida. Ranar ciniki kowa fuska a sake, a ce haba, ni da kai har sai an rubuta? Ranar rigima kuma mai aiki ya ce dubu ɗari bakwai muka yi, mai sana'a ya ce tara, babu na uku. Alhali aya mafi tsawo a Alƙur'ani, ta 282 a Suratul Baƙara, a kan rubuta bashi da kafa shaidu ta sauka. Yau ma abin ya yi sauƙi. Sashe na 84 na Dokar Shaida ta 2011 ya buɗe wa saƙon waya ƙofar kotu, in an cika sharuɗɗansa. Wanda bai iya boko ba ya rubuta da ajami. Wanda bai iya ko ɗaya ba ya yi saƙon murya ta WhatsApp bayan an tashi: Alhaji, kamar yadda muka yi, ƙofa huɗu taga shida, kuɗi kaza, na karɓi kaza, zan gama ranar kaza. In ya amsa da "haka ne", ka samu abin riƙewa. Rasit ɗin mai ƙarfe, alat ɗin banki, hoton aiki a ranar da aka ce a tsaya, duk kada a yar. Kuma a saba da tambaya guda tun ana raha: in ɗayanmu ya fasa, yaya za a yi?

In magana ta lalace, a fara da sulhu, wurin shugaban 'yan sana'ar, ko mai unguwa, ko limami, ko wani dattijon da mai aikin ke jin nauyinsa. Ofishin 'yan sanda ba wurin karɓar bashi ba ne. Sashe na 32 na Dokar 'Yan Sanda ta 2020 ya hana kama mutum don kawai ya saɓa yarjejeniya, kuma mai sana'a ya riƙe wannan da kyau, domin shi aka fi kaiwa can a ce ya ci amana alhali lissafi ne bai daidaita ba. In sulhu ya ƙi, kotu tana nan. Tun 2001, zamanin Gwamna Ahmed Muhammad Maƙarfi, ɗan wannan yanki, Jihar Kaduna take da kotunan shari'ar Musulunci da na gargajiya a gefen na majistare. Musulmi biyu da suka yi jinga suna iya zuwa gaban alƙali da Hausarsu, ba sai da lauya ba. A dai guji jinkiri, domin doka ta yanka wa irin wannan ƙara wa'adi, kuma shaidu suna mantuwa, suna mutuwa.

Wasu ƙasashen sun sa abin a rubuce ƙarara. Sashe na 1794 na kundin dokar Faransa, wanda ya samo asali tun 1804, ya ba mai aiki damar soke jinga da ra'ayin kansa ko an fara, bisa sharaɗin ya biya ɗan kwangila abin da ya kashe, da aikin da ya yi, da ribar da zai samu. Birnin New York na Amurka kuma tun 2017 ya wajabta rubuta duk aikin mai zaman kansa da ya kai dala 800, a biya cikin kwana 30 da gamawa in ba a sa rana ba, wanda ya ƙi biya a ninka masa. Nijeriya ba ta da doka ta musamman irin wannan. Amma ban ga abin da zai hana ƙungiyar masu walda ko ta teloli ko ta magina a Ikara ta buga takarda mai shafi ɗaya da Hausa, ta ce duk ɗanta da ita zai karɓi aiki ba. Abin da mutum ɗaya ke jin kunyar nema a gaban abokin babansa, in ya zama ƙa'idar ƙungiya babu mai ganin baƙinsa.

Maƙwabcina bai je kotu ba, ban kuma ce ya je ba. Mun zauna da daddare muka rubuta abin da ya kashe a bayan wata tsohuwar kalanda, muka haɗa da rasit biyu da ya tono daga aljihun rigar aiki. Washegari bayan la'asar baffansa ya ɗauke shi suka tafi zauren Alhajin. Ya ce mini da aka miƙa takardar, Alhaji ya daɗe yana dubawa, sannan ya ce, "Yaro, ai ban san ka yi nisa haka ba. Me ya hana ka faɗa mini?" Baffan ya ce, "Kunyarka yake ji, Alhaji." Aka tsaya a kan cewa kafin alƙalami ya zauna, mai walda ya ƙarasa fentin waɗanda ya haɗa a kai su gidan Alhaji a ajiye, bashin mai ƙarfe kuma Alhaji zai biya in an sayar da masara. Ribar sauran aikin da aka fasa, maƙwabcina ya ce ya yafe, kuma wannan karon ya san abin da ya yafe da yawansa.

Mai karatu, in kana cikin masu ba da aiki, kuma akwai wata jinga da ka janye daga cikinta ka yi shiru, ka koma wurin mai sana'ar ka tambaye shi nawa ya kashe kafin ka fasa. Da wuya shi ya zo ya same ka.